Cizo ba wuya, sakin ne aiki

Kwanakin baya wani abokina mai aikin gadi a Yamai ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Wani Bature ne sanye da hannun riga mai kauri, sai ga kare ya taso a guje ya cafke hannun. Mai karen ya faɗi kalma ɗaya tak, karen ya saki, ya tsaya yana kallo. Abokin nawa ya rubuto: "Malam, wane irin duka aka yi wa karen nan har yake jin magana haka?" Ina ganin a cikin tambayar ne kuskuren yake.

Abin da ya gani wasa ne mai dokoki. A Jamus ya samo asali a farkon ƙarni na 20, bayan Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu karen makiyaya na Jamus a 1899. Da ana ce masa Schutzhund, daga 2019 kuma IGP. Kashi uku ne: bin sawu, biyayya da kariya, kowane da maki 100. Faransa na da nata mai suna Ring, Holan na da KNPV. A gasar IGP, karen da aka ba umarnin saki har sau uku bai saki ba, an fitar da shi ke nan, komai ƙarfin cizonsa.

A kan wannan saki ne masu horo suka rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa sai da hukunci: a fizgi igiya, ko a sa masa sarƙar wuya mai ƙayoyin ƙarfe, ko abin wuya mai jan lantarki. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Karen da jininsa ya hau ba ya kallon tsokar nama, kuma karen ƴan sanda da ya ƙi saki yana iya naƙasa mutum.

Ɗaya ɓangaren ya ce, to, me karen ya fi so a wannan lokaci? Cizon kansa. Don haka cizon za a mayar lada. Tun yana ɗan kwikwiyo ake wasan ja-in-ja da shi da tsumma. Mai horo ya daina ja, tsumman ya mutu a bakinsa, da zarar ya saki sai a ba shi ya sake kamawa. Da maimaici yake gane cewa saki shi ne hanyar samun wani cizon. Wannan ƙa'ida ta David Premack ce, kuma ina koyar da ita ga ɗalibai masu shirin zama malamai tare da darasin Pavlov da Skinner: abin da aka fi so yana iya zama ladan abin da ba a so sosai.

Ni ina tare da na biyun, kuma ba tausayi kaɗai ya kai ni can ba. A 2004 masu bincike biyu a Holan, Schilder da van der Borg, sun lura da karnukan da ake horarwa don gadi. Waɗanda aka yi wa horo da lantarki sun fi nuna alamun tsoro, kamar kwantar da kunne, har a wajen filin horo muddin mai su yana kusa. Wato sun haɗa zafin da mutumin. A 2008 wani bincike kan karnukan sojan Beljik ya nuna cewa waɗanda aka fi hukuntawa sun fi rauni a aikin. Yankin Wales ya haramta abin wuyan lantarki a 2010, Jamus kuma, mahaifar wasan, ta hana horo da sarƙa mai ƙayoyi daga farkon 2022.

Ba cewa nake a bar kare ya yi abin da ya ga dama ba. In ya karya doka, a tsayar da wasan, a riƙe igiya, ya rasa cizon da yake kwaɗayi. Wannan ma hukunci ne, kuma yana jin sa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da zafi ya zama malami. Zafi yana gaya wa kare ya daina, amma ba ya nuna masa abin da zai yi. In kuma aka makara da daƙiƙa biyu, an hukunta shi kan wani abu daban. Karen da tsoro ke sa shi saki, ran da wanda yake tsoro ba ya nan, wa zai ƙwaci mutum daga bakinsa?

A nan ne maganar ta shafe mu. A gidaje da dama a Yamai da Maraɗi ana ɗaure kare wuni guda cikin rana, ana dukansa don wai ya yi zafi. Zafin zai yi, amma ba zai bambance ɓarawo da almajiri ko ɗan maƙwabci ba. Malamanmu na fiƙihu tuni suka faɗi alamar karen farauta mai horo: in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Rabin na biyu ne muke mantawa.

Allah ya kiyaye in kwatanta ɗan mutum da kare. Sai dai duk malamin da ya taɓa barin aji na minti biyar ya san bambancin shirun bulala da shirun fahimta: na farko yana fita tare da malamin.

Na amsa wa abokina cewa ban ga inda aka horar da wannan kare ba, amma ya sake kallon bidiyon. Bayan ya saki, kunnuwansa a miƙe suke, idonsa na kan hannun rigar, yana jiran a ce ya sake. Wanda ke jiran duka ba haka yake tsayawa ba.