Dunduniyar Direba Da Haƙƙinta A Kan Mai Kaya

Maganarmu ta yau a kan ciwon dunduniya ce wanda ke damun direbobin manyan motoci, kuma da ku masu kaya mu ke, ba da direba kaɗai ba.

Duk wanda ya taɓa ɗora hatsi a Dawanau, ko shanu a Potiskum, ko tumatir zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko, ya san lissafin mota sarai: kuɗin mai, kuɗin lodi, ladan ɗan kamasho. Abu guda ne ba ya shiga lissafi, watau ƙafar da za ta taka burki tun daga Kano har bakin teku, tafiyar kamar kilomita 1,000.

Ga yadda ciwon ya ke bisa bayanin likitoci. A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi, kamar tsirkiyar baka, ta tashi daga ƙashin dunduniya ta ƙare a gindin yatsu. In wahala ta yi mata yawa sai ta sami rauni daidai inda ta kama ƙashi. Alamarsa ba ta ɓuya. Mutum ya tashi da asuba zai yi alwala, takun farko ya ji kamar ya taka ƙusa. In ya ɗan zazzaga zafin ya lafa, in ya zauna ya daɗe ya miƙe sai ya komo. To, wa ya fi direba daɗewa a zaune? Awa biyar, awa shida dunduniya na kafe a ƙasan mota, ƙafar hagu na fama da kuloci mai tauri, agara da sha-raɓa duk sun ɗaure. Sa'an nan ya iso Mararrabar Jos ko Tafa, maimakon ya bi matakala sai ya diro daga kan mota da silifar da ta cinye ta zama kamar ganye. Jijiyar da ta yini a ƙage ita ce za ta karɓi nauyinsa duka lokaci guda.

Maganinsa ba tsada gare shi ba, haƙuri ya ke so. Kafin ya sa ƙafa ƙasa, ya kama yatsunsa ya ja su baya wajen ƙwauri har ya ji tafin ya miƙe, ya ƙirga goma, ya saki, ya maimaita sau goma. In ya sauka ya dafa jikin mota, ya mai da ƙafa mai ciwo baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, ya tsaya haka rabin minti. Da dare ya mirgina kwalbar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin. Ya sa takalmi sau-ciki mai kauri da taushin dunduniya, ya riƙa saukowa da baya hannu biyu na riƙe da ƙarfe. Da irin wannan, kamar mutum tara cikin goma su kan warke ba tare da tiyata ba, ko da ya ke ya kan ɗauki watanni, wani har shekara.

Amma fa dukkan wannan lokaci ya ke ci, lokacin direba kuwa a hannun mai kaya ya ke. Wanda a ke buga wa waya bayan kowace awa a na tambayarsa ya wuce Jebba ko bai wuce ba, yaushe zai tsaya miƙa jijiya? Sai ya shiga kemis. Diclofenac da ibuprofen su kan kashe zafi, gaskiya ne, amma shan su kullum, musamman ba a ci abinci ba, ya kan jawo gyambon ciki, ya kuma taɓa ƙoda. Tramadol ta fi muni, don ta kan sa gyangyaɗi da jiri, wani ma ta fizge shi kamar mai farfaɗiya, ga ta da kama mutum ya kasa bari. Alhaji, ka yi tunani: mutumin da ya sha wannan shi ne ke riƙe da sitiyari, da dukiyarka a bayansa da rayukan bayin Allah a gabansa. Wanda bai sha ba kuwa, ƙafar da ke tsoron zafi ba ta saurin danna burki yadda ya kamata.

Mai tumatir zai ce kayansa ba su jira. Mun ji, ba mu kuma raina hujjarsa ba. Amma a ƙasashen Tarayyar Turai, inda su ma su ke da kayan ruɓa, doka ce direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kasuwarsu kuwa ba ta mutu ba. Abin da mu ke roƙo shi ne a sa hutun cikin ciniki tun a wurin lodi, a faɗa wa direba a gaban shaidu cewa tsayawarsa ba laifi ba ce. In kaya na gaggawa ne ƙwarai, a biya direba na biyu. Mai mota kuma ya gyara matakalar da ta karye da kulocin da ya yi tauri. Takalmi mai kyau guda bai kai kuɗin taya ɗaya ba, ko kusa.

Akwai kuma inda miƙa jijiya ba ta isa ba. In ƙafa ta mutu ba a jin taɓawa, ko akwai miki wanda ya ƙi warkewa, a auna suga, kada kuma a yarda a yi wa mai suga tsaga ko sakiya a ƙafa. In sha-raɓa guda ta kumbura ta yi zafi bayan doguwar tafiya, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, ya na iya gangarawa huhu. Wannan a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko da mota ba ta kai kaya ba.