Laulayin ciki: Citta tana da rana, amma tana da iyaka

A Zugurma da ke ƙaramar hukumar Mashegu a masarautar Kontagora, kamar sauran karkarar Arewa, da zarar mace ta fara laulayi sai iyaye mata su kawo nasu sanin: a tafasa citta, a tsotsi lemun tsami, a rage maiƙo. Wannan sani yana da tushe. A ƙa'idojin awon ciki da ta fitar a shekarar 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da citta da bitamin B6 wajen rage tashin zuciya a farkon ciki. Cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai ma yana taimakawa, kuma yawanci laulayi kan lafa bayan wata uku zuwa huɗu.

Haɗarin yana cikin jiƙon saiwoyi da sassaƙe da ake ɗura wa mai ciki babu awo, a daidai watannin da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa. Haka kuma akwai aman da ya fi ƙarfin citta. Macen da ko ruwa ba ya zama a cikinta, fitsarinta ya ragu, jiri yana ɗibarta, tana ramewa, ƙarin ruwa take buƙata a asibiti, kuma jinkiri na iya jawo asarar rai.

Nauyin yana wuyan magidanta, domin su ne masu ba da izini da kuɗin mota. Hukumar ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Kamata ya yi zuwan farko ya kasance tun cikin watannin laulayi, kafin jiki ya galabaita.