Karatun Horar Da 'Yan Wasa A Jami'a: Ilmi Ne Ko Asarar Dukiya?

A wasannin Olamfik da aka yi a birnin Faris cikin shekarar 2024, Nijeriya ta aika da 'yan wasa fiye da 80, suka komo hannu rabbana, babu ko lambar tagulla. Haka kuma ta taɓa faruwa a Landan cikin 2012. A watan Oktoba na 2024 sai Gwamnati ta rushe ma'aikatar wasanni, ta mai da aikin hannun hukumar wasanni ta ƙasa. To, amma sauya ofis kaɗai ba ya magani, domin ɗan wasa a hannun mai horar da shi yake tashi, kamar yadda almajiri ke tashi a hannun malaminsa.

Saboda haka maganar karanta horar da 'yan wasa a jami'a ta cancanci malamai da attajirai su dube ta da idon basira, tun da 'ya'yansu ne ke zuwa neman izni da kuɗin makaranta. Ƙarfafa jiki dai ba baƙon abu ba ne a Musulunci. An ruwaito Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma ka da Rukana a kokawa. Ibnul Ƙayyim ma ya wallafa littafi sukutum a kan sukuwa da harbi da tsere, mai suna Alfurusiyya. Abin da malamai suka ƙi shi ne caca, da bayyana al'aura, da tozarta lokacin salla.

A jami'o'i kamar ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano, akan yi shekara 4 ana karatun motsa jiki da lafiya. Ɗalibi yakan san ƙashi da tsoka, da aikin zuciya da huhu, da abincin da ya dace, da taimakon wanda ya ji rauni. Amfanin wannan a fili yake. Tsoka takan ƙaru ne a lokacin hutun da ya biyo bayan wahala, don haka jahilin mai horarwa da ke gallaza wa yaro kullum, ko ya sa shi gudu da tsakar rana cikin bazara ba ruwa, yana iya nakasa shi. Jikin ɗan mutane amana ne. Jamusawa sun gane haka, har suka kafa makarantar ilmin wasanni mai zurfi a birnin Kolon tun 1947. Nijeriya ita ma tana da cibiyar koyar da masu horarwa a Legas.

Amma fa takardar digiri ba ta wadatarwa. Jose Mourinho, mutumin Fotugal, ya karanta ilmin wasanni a Lisbon, duk da haka sai da ya shekara da shekaru yana tafinta da hidima a gaban Bature Bobby Robson tun daga 1992, kafin ya ci kofin Turai da ƙungiyar Porto a 2004. Watau dai karatun zaure ne: littafi a hannu, gwiwa a gaban malam. Har wa yau hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka tana da nata lasisi hawa-hawa, wanda ake nema dabam da digiri.

Ɗan kasuwa kuwa lalle ya yi lissafi kafin ya zuba jari. Manyan ƙungiyoyi kaɗan ne, kuma ba safai mai horarwa ke daɗewa a cikinsu ba. Aikin da ya fi samuwa shi ne koyarwa a makarantu da hukumomin wasanni na jihohi. Wanda ɗansa ke hangen arzikin dare ɗaya, gara ya riƙe shi a rumfa. Wanda kuwa aka ga yana da haƙuri da tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane, a bar shi ya yi karatun, a haɗa shi da gwani ya zauna ƙarƙashinsa, domin filayen Arewa cike suke da samari masu ƙarfi da ba su da malami.

Allah ya sa a dace, amin.