Kimiyya a Gida: Tsakuwar Danƙo da Momentam



Duk wanda ya tashi a Rano ko Kibiya ya san danƙo. Da kaka, idan dawa ta fara nuna, mu ma da shi muke korar tsuntsaye a gona. Ashe darasin Fizis muke yi, wanda WAEC da NECO ke tambaya a kansa.

Momentam shi ne nauyin abu sau gudunsa, kuma yana da inda ya fuskanta. Mu ɗauki tsakuwa mai giram 20, wato kilo 0.02. Tana cikin fatar danƙo, momentam ɗinta sifili ne. Da ka saki, a ce ta fita da gudun mita 30 a daƙiƙa: 0.02 × 30 = 0.6. Idan roba ta tura ta na tsawon daƙiƙa 0.05, matsakaicin ƙarfin turin shi ne 0.6 ÷ 0.05, wato niyuton 12. Wannan ita ce doka ta biyu ta Isaac Newton, ta shekarar 1687: canjin momentam daidai yake da ƙarfi sau lokaci.

To, da ta bar roba fa? Babu sauran mai tura ta gaba. In muka cire iska daga lissafi, jan ƙasa ne kaɗai ke aiki a kanta, kimanin niyuton 0.2. Kowace daƙiƙa, momentam ɗinta na canzawa da 0.2 zuwa ƙasa. Ɓangaren da ke tafiya gaba kuwa yana nan yadda yake.

A nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Sai su rubuta cewa a ƙololuwa momentam sifili ne. Ba haka ba ne, sai dai idan sama tsaye aka harba. Ɓangaren hawa ne ya ƙare, na gaba bai ƙare ba. Haka kibiyar maharbi take, mai sunan garinmu.

Kuma idan tsakuwa ta sauko daidai tsayin da ta tashi, gudunta kusan na fitarta ne. Don haka a duba inda yara suke kafin a saki, ido ba shi da madadi.

Aikin gida: tsakuwa mai giram 40 ta samu momentam 0.6. Nawa ne gudunta? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.