Mai Mataccen Kai Ba Ya Gyara "Pon"

Iyaye da malamai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu: "Yaron nan kansa ba ya ja, a kai shi gareji." Wannan magana kuskure ce babba, kuma ga hujja.

Ku ɗauki Peugeot 504 Coupé, ƴar'uwar 504 ɗin da ta daɗe tana jigilar mu a tashoshi. An ƙera ta daga 1969 zuwa 1983, kuma ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Tayoyin baya ke tura ta. Tsakaninsu akwai wani akwatin ƙarfe da makanikai ke kira "pon", wanda ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu, yana barin ta waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. In ya tsufa sai ya dinga kuka a kan hanya, yana ƙwanƙwasa in an taka mai, yana yoyo, kuma a ga garin ƙarfe cikin mansa.

To wa zai gyara shi? A ciki akwai ƙaramin gurmin haƙora mai juya babba. Idan ƙaramin na da haƙora 10, babban 37, ƙaramin zai juya sau 3,7 kafin babban ya zagayo sau ɗaya. Rabawa ke nan, irin ta aji. Su biyun tare aka daidaita su tun daga masana'anta, don haka ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Bayan an sa sababbin rulma da robobin tsare mai, sai a auna ratar da ke tsakanin haƙora, wadda ba ta wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita. Da siraran faifan ƙarfe ake ƙara ta ko rage ta. Sannan a shafa wa haƙoran launi, a juya, a karanta inda suka taɓa juna. In an matse da yawa ya yi zafi ya ƙone, in an saki da yawa kukan ya dawo.

Malam, wannan aikin ne kake tura wa wanda ka kasa koya wa ninkawa?

Sakamakon kowa na ganin sa. Yaro ya shekara biyar yana miƙa wa maigida sufana, ba wanda ya nuna masa awo. In ya buɗe nasa gareji, abin da ya iya shi ne ya cire "pon" dungum, ya sayo na gwanjo, wanda shi ma wani ya gama cin moriyarsa a Turai. Mai mota ya biya sau biyu, kuɗin kuma su tsallaka iyaka.

Za a ce tsohuwar motar tsere abin masu kuɗi ce. Gaskiya ne. Amma irin wannan "pon" ɗin ne a ƙarƙashin Hilux da Hiace da manyan motocin da ke ɗauko albasa daga Galmi. Wanda ya iya na Coupé ba zai rasa abinci ba.

Saboda haka malamai, ku kawo tsohon gurmi cikin aji, yara su ƙirga haƙoransa. Iyaye, in ɗanku mai ƙoƙari ya ce Lycée Technique Dan Kassawa ta Maraɗi yake so, kada ku ɓata rai. Gareji na buƙatar masu kai, kuma mu ne muke hana shi su.