Kwafin da ba ya dusashewa

Wajen shekarar 2001 ne, na taso daga Kumbotso zan je Kura, na tarar da 'yan fim a bakin kanal suna ɗaukar waƙa. Shinkafa ta yi kore shar, ruwan Tiga na gangarowa, jaruma tana juyi a kan kunya. Mai ɗauka ya saɓa kyamara a kafaɗa kamar buhun taki, irin mai cin kaset ɗin nan. Bakin darakta kuwa bai huta ba, don kowane kuskure kaset yake ci, batir kuma ba ya jiran kowa.

Da fim ɗin ya fito na karɓo haya. Koren nan ya koma ruwan toka, jarumar sai ka ce a cikin hazo take rawa. Daga uwar kaset ake juyo wani, daga shi a juyo na gaba, kowane juyi hoto na rage ƙarfi. A haka muka saba tun Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. Muka yi ta mita, har da ni. Ashe dusashewar nan ita ce maigadin furodusa: ɓarawon zaune in ya juya, nasa ya fi muni, mai son na ƙwarai dole ya nemi na dilolin Ƙofar Wambai.

Sai ga dijital. A 2008 Canon ya fito da 5D Mark II, kyamarar hoto mai ɗaukar bidiyo tangaram a kan katin memori, ire-irenta kuma ba su daɗe ba suka iso Kano. Hoto ya zama lambobi, lamba kuwa ko sau dubu aka kwafe ta tana nan yadda take. Yaro da kwamfuta a ƙarƙashin lema sai ya tura maka fim a waya da ɗan canji, furodusa ko sisi. Kasuwar kaset da faifai ta mutu murus. Aka koma tashar Arewa24 da ta buɗe a 2014, aka koma YouTube, inda shirin Izzar So ya yi tashe a 2020.

Kwanaki na bi ta wajen Bunkure, na ga samari uku a bakin ruwa suna ɗauka da waya. Su ɗauka, su goge, su sake, ba mai tsawa. Na leƙa, wallahi koren shinkafar ya fito yadda Allah ya yi shi. Na ce, to wa zai biya ku?

Babbansu ya yi dariya: "Baba, ai dai a kalla tukuna."