Mod baƙo ne, kar ka kwantar da shi a ɗakin mai gida

Yau da 'yan gem nake, musamman ƙannenmu masu GTA da PES da jan tirela a kwamfuta. Wanda bai damu da gem ba ma ya daure ya karanta, don wataƙila kuɗin datar da ake ƙonawa daga aljihunsa suke fita.

Shekaranjiya da daddare ƙanena ya shigo min ɗaki rungume da kwamfutarsa, fuska a yamutse. "Yaya, GTA ɗina ya ƙi tashi." Na ce me ka yi masa? Ya ce wallahi shi bai taɓa komai ba. Da na matsa, sai ga zance ya fito: wani bidiyo ya kalla a YouTube, aka nuna masa yadda zai sa sabuwar mota a GTA V. Mai bidiyon ya ce a buɗe fayil ɗin gem ɗin, a jawo motar a danne ta ciki. Ya yi. Ta farko ta hau lafiya, ta biyu ma haka. A ta uku gem ya tsaya cak a wajen buɗewa ya fita da kansa. Na ce ina kwafin asalin fayil ɗin da ka danne? Ya tsaya yana kallona. Babu. Wanda ya tura masa gem ɗin kuma ya koma makaranta da rumbun ajiyarsa. Garin gyaran gira an rasa ido.

To ni ra'ayina, kuma na daɗe a kansa: mod ba ya kashe gem, wurin da ka ajiye shi ne ke kashewa. Kafin ka tambayi "wane mod ne ya fi kyau?" fara tambayar "ina zan sa shi, kuma in ya ɓata min gem ta yaya zan cire shi?" In ba ka da amsar ta biyun, kar ka sauke.

Ga wanda bai sani ba, mod ƙari ne da masu buga gem suke haɗawa da kansu su raba: sabuwar mota, rigar ƙungiya ta bana, sabon filin ƙwallo, sabuwar taswira. Ba kamfanin ne ya yi shi ba, don haka ba kamfanin zai gyara maka ba. Baƙo ne. Baƙo kuwa ɗakin baƙi ake ba shi, in ya gama kwanakinsa ya tafi, gida yana nan yadda yake.

Abin haushin shi ne su masu haɗa kayan aikin mod ɗin sun riga sun gina ɗakin baƙin, mu ne ba ma shiga.

Ɗauki GTA V ɗin, tsohon samfurin da ya fito a kwamfuta a 2015 wanda yawancinmu muke da shi. Manhajar OpenIV da ake buɗe fayilolinsa da ita tana da tsarin folda mai suna mods. Ka ƙirƙire ta a cikin foldar gem, ka kwafi fayil ɗin da kake son canzawa, misali update.rpf, ka sa a ciki bisa jerin foldodinsa na asali, sannan ka yi duk kwamacalarka a kan kwafin. Gem zai karanta na cikin mods ya bar na asali. Ya lalace? Goge kwafin, ka sake kwafowa. Minti biyar. Ita manhajar da kanta takan nuna maka gargaɗi in za ka taɓa fayil na asali, amma yaranmu tsallake rubutu suke yi kamar ana korarsu.

PES 2021 ma haka. Akwai Sider, wadda za ka iya ajiye foldarta daban, ka zuba riguna da fuskoki da filaye a cikin livecpk, ta riƙa miƙa wa gem ɗin yana cikin tafiya. In ka kashe ta, PES ya koma yadda Konami suka yi shi. Euro Truck Simulator 2 kuwa kamfanin SCS da kansu suka ware wa mod wuri, a Documents, cikin foldar gem ɗin, wata folda mai suna mod, kuma a cikin gem akwai inda za ka kunna wannan ka kashe wancan, ka jera wanda zai fara. Masu Skyrim suna da Mod Organizer 2, wadda ke ajiye kowane mod a foldarsa, ta nuna wa gem kamar suna haɗe, alhali ba ta zuba komai a foldar Data ba.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, wuri fa? Kwamfutata giga 256 ce, GTA kaɗai ya cinye wajen giga 100, ka ce in yi kwafi?" Maganarka gaskiya ce, fayilolin manya ne, wasu sun haura giga ɗaya. Amma ba gem ɗin gaba ɗaya aka ce ka kwafa ba, wanda za ka taɓa kawai. Ka auna da kanka: giga biyu ko uku a kwamfutarka, ko sake sauke giga 100? Tun da NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowa ya san yadda data ta koma. Ga wuta da za a ɗauke kana tsakiyar saukewa. Bature mai intanet mara iyaka in gem ya lalace sai ya goge, ya danna saukewa, ya je ya sha shayi. Shi ya sa da yawan masu bidiyon nan ba sa damuwa su ce maka ka yi kwafi. Kai da shi ba ɗaya ba ne. Wanda ya sayi nasa a Steam yana da sauƙi, akwai inda zai danna a binciki fayiloli a sauke masa waɗanda suka lalace kawai. Wanda aka tura wa a filash fa? Sai dai ya bi gari yana cigiya.

Sannan akwai maganar inda shi kansa gem ɗin yake zaune. Mutane da yawa suna barin sa a Program Files na ɓangaren C, don nan kwamfuta ke zaɓa da kanta. Wurin nan Windows na gadinsa, ba kowace manhaja take bari ta rubuta abu a ciki ba. Sai ka ga ka ɗora mod, babu wani saƙon kuskure, amma kuma bai yi aiki ba, kana ta zagin wanda ya haɗa shi. Yi folda mai gajeren suna, kamar Games a D ko a bakin C, ka huta. Gajarta sunan ma da dalili: tsofaffin manhajoji da yawa ba sa iya bin adireshin fayil da ya wuce harafi 260. Masu amfani da Vortex kuma su sani, foldar da take tara mod dole ta kasance a ɓangare ɗaya da gem ɗin, in gem na D ita ma D. Masu tirela su duba ko OneDrive na kwashe Documents ɗinsu, don zai yi ta ƙoƙarin tura manyan mod ɗin nan intanet da datarka, kuma giga 5 kacal yake bayarwa kyauta.

Abu na gaba shi ne sabuntawa. Kamfani ba ya shawara da kai. A Nuwamban 2021 da aka sabunta Skyrim, mod masu yawa suka daina aiki sai da masu su suka gyara. A Afrilun 2024 aka maimaita a Fallout 4. Wanda mod ɗinsa ke gefe ya kashe su ya ci gaba da wasa kafin a gyara. Wanda ya cakuɗa su da fayilolin asali bai ma san wanne ne mai laifin ba. Haka in za ka shiga GTA Online: Rockstar na rufe asusun wanda suka kama da mod a can, kuma cire abin da ke wuri ɗaya ya fi sauƙi a kan wanda ka watsa ko'ina.

Kar kuma a ɗauka ajiyewa a gefe maganin komai ne. Folda ba ta tare bairos. A 2015 an gano mod ɗin GTA V mai suna Angry Planes ɗauke da manhajar satar kalmomin sirri. A Yunin 2023 an samu irin wannan a cikin mod na Minecraft a shafin CurseForge, wanda babban shafi ne ba na bayan fage ba. In kwamfutar da kake gem ita ce kake shiga asusun bankinka da ita, ko ta Baba ce ta ofis ka ara, to ka yi wa kanka faɗa.

Masu gidajen gem, ku abin ya fi shafa, don ku abincinku ne. Ranar Asabar yara sun cika shago, PES ya ƙi tashi saboda wani yaron shago ya danne fayil da daddare, cinikin ranar ya tafi. Ku ajiye kwafin gem mai tsabta a rumbun ajiya na waje, ku sa a durowa. Masu ɗora wa mutane gem a kasuwa kuma ku ji tsoron Allah, in kun cusa mod a ciki ku faɗa wa mai kaya inda kuka sa.

Shi dai ƙanena yana nan yana jiran abokinsa ya dawo hutu. Na ce masa ran da aka sake tura masa, kafin ya taɓa mota ko ɗaya, ni zan tsaya a kansa ya ƙirƙiri foldar nan.

Ku fa, a ina kuke zuba naku? Wanda gem ya taɓa mutu masa a hannu ya faɗa mana yadda aka yi, ko wani ya tsira. Allah Ya sa mu dace.